Sallahun Gwaggo Sabuwa

Gwaggo Sabuwa ƙanwar kakana ce. Mijinta ya rasu tun kafin a haife ni, Allah bai ba ta haihuwa ba, ita kaɗai take zaune a wani ɗaki bayan masallaci a ƙauyenmu da ke kusa da Makarfi. Rabin wannan labari na gani da idona, rabi mahaifiyata Inna Atika ce ta ba ni.

A shekarun da aka karɓi mulkin kai, matan aure a wurinmu ba sa zuwa kasuwa, tsofaffi ke zuwar musu. Jajiberin kasuwar Makarfi, Gwaggo takan bi gida gida tana karɓar sallahu: wannan daddawa, waccan kanwa, wata tozali ko zaren saƙa. Da hantsi sai ta ɗauki ƙwaryarta ta bi ta gonakin rake. In ta gama sayayya ba ta juyowa nan take. Takan zauna gindin wata tsamiya kusa da masu mazarƙwaila, ta kalli masu wasa da kura, ta ga wanda ya sauko daga motar Zariya. Kallo dai ba a biya.

Ba ta karɓar lada. Ladanta shi ne, a al'adarmu wanda ya kawo sallahu ba a karɓa yana tsaye. Sai an shimfiɗa tabarma, an dama fura, an tambaye shi kasuwa.

"Gwaggo, ina kasuwa?"

"Ta ci, 'yar nan. Na ga wani ɗan boko da hula kamar murfin tukunya, jaki ya taka masa takalmi, ya tsaya yana yi wa jakin faɗa da Turanci."

Haka za ta yi ta bi, wannan gida ta zauna, wancan ta zauna, har magariba. Sauran ranakun kuwa babu mai ɗaga labulen ɗakinta.

Sai wani saurayi, Maiwada, ya sayi keke ya kafa tebur a tsakiyar gari. Kanwa, gishiri, ashana, kananzir, kullum akwai. Sallahu ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Wata ranar kasuwa Inna tana daka, sai ga Gwaggo da ɗan ƙulli.

"Ga kanwarki, Atika."

"Wace kanwa, Gwaggo? Ai ban aike ki ba."

"Ashe? To ko maƙwabciyarki Rabi ce..."

"Rabi ma jiya ta aika wurin Maiwada."

Tunda babu sallahu, Inna ba ta tuna da tabarma ba, ta ci gaba da dakanta. Gwaggo ta ɗan tsaya tana duban tabarmar a naɗe jikin bango, ta ce sai an jima, ta fita. Ba ta ƙara shigowa ba har aka yanke dawa.

Babana Malam Inuwa ne ya kai hatsi Makarfi, ya dawo yake ce wa Inna, "Na ga Gwaggo gindin tsamiya. Ƙwaryarta ba komai. Tana kallon masu kura tana motsa baki, kamar mai ba wani labari."

Inna ta ajiye ludayin hannunta. Sannan ta ce, "Malam, in ka fita masallaci ka biya, ka ce mata ina da sallahu. Mazarƙwaila nake so."

Ranar kasuwa Gwaggo ta zo, ta tarar an riga an shimfiɗa tabarma. Ta tsaya a kanta ba ta zauna ba.

"Ta Maiwada ta ƙare ne?"

"Tasa duk ƙasa ce, Gwaggo. Bai iya zaɓe ba."

"Ina zai iya! Yaron da na goya yana min fitsari a baya."

Ta zauna. Ranar nan ta juye labaran damina guda, na kura, na mota, na wanda ya faɗa kwatami da buhun barkono, har fura ta tsinke a ƙwarya ba ta sha ba.

Sauran gidajen ba su koma aikenta ba, namu kaɗai ya rage mata. Da ƙafafunta suka gaza, sai ta riƙa zama a bakin hanya, ta damƙa wa masu tafiya sallahun, da yamma ta tare su ta karɓa, ta tatsi labarin abin da suka gani, ta dogara sanda ta kawo mana kamar ita ta je.

Babu mai son mazarƙwaila sosai a gidanmu. Amma har makon da Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta, duk ranar kasuwa da la'asar Inna takan bar abin da take yi, ta kakkaɓe tabarmar nan ta shimfiɗa a inuwa.