Zabin Malam Idi da na'urar Rakiya

Aikin farko na yau: toshe ramin danga. Ban gama ba, ƙanwata Rakiya ta iso Bande daga jami'ar Damagaram.

Informatik, wato ilimin kwamfuta, take karantawa. Malaminsu ya ce kowa ya kai wa na'urar nan mai amsa tambaya wata matsalar daidai da ba daidai ba, sannan a auna amsar a aji.

"Yaya, ba ni abin da ke damunka."

Na faɗa mata. Ran Juma'a na yanka zabi biyu, na ɗauka nawa ne. Da na ƙirga nawa sau uku, cif suke. Na Malam Idi maƙwabcina ne, har yau yana cigiya. In faɗa masa ko in yi shiru?

Na karɓi wayarta na rubuta da kaina: "Na ci zabin makwabcina."

Na'urar ta taya ni murnar cin zaɓe. Ta ce in riƙe talakawa da adalci, kada in wulaƙanta wanda na kayar.

Rakiya ta yi ta dariya har da hawaye. "Ranka ya daɗe, yaushe za a yi mana rijiya?"

"Ke, ba ta ce na yi laifi ba fa."

"Yaya, na'urar ba ta ci romo ba. Kai ka ci."

Jama'a, da zabin zan je, ko in fara aika gaisuwa?

Gobe:
Ƙarasa danga.
Kama zabi biyu, nawa, a duba sosai.
Roƙon Rakiya ta cire sunana kafin ta kai aji.
Gidan Malam Idi.