Ƙarfen da Na Ɗora a Masallacin Babanmu

Shekarun baya can, ina sabon gama karatun injiniya, kaina na hayaƙi, mahaifina ya ce yana so a faɗaɗa masallacin ƙofar gidanmu a Daura, inda yake limanci. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya son ginshiƙi a tsakiya, don yana yanke sahu.

Na ce an gama. Na zana wani dogon ƙarfe da zai ɗauki rufin daga bango zuwa bango, kamar tsani a kwance a gefensa. Babu ƙarfen gicciye ko ɗaya, sai ramuka masu kusurwa huɗu, ƙarfinsa duk yana mahaɗar da aka yi wa walda. Ramukan kuma suka zama tagogi, iska na shiga.

Ranar da aka buɗe, dattawan unguwa suka ɗaga kai suka duba, sai kowa ya shimfiɗa dardumarsa a waje. Wani abokin mahaifina, dillalin shanu, ya ce min, "Ɗan Malam, ko ƙafar tankin ruwa ana gicciya mata ƙarfe. Wannan me ya riƙe shi?"

Na yi ta bayani har da zane a ƙasa, wallahi ko ni na gaji da jin muryata. Aka yi kwanaki liman na ciki, mamu na rana. Har aka fara cewa gara a koma masallacin gaba.

Mahaifina bai yi musu da kowa ba. Buzunsa kawai ya jawo daidai ƙarƙashin tsakiyar ƙarfen, can ya koma zama da karatu tun daga hantsi har azahar. A hankali aka fara shigowa, har sahu ya cika.

Na ɗauka lissafina ya gamsar da shi. Sai bayan rasuwarsa mahaifiyata ta ce min, "Kai dai ba ka sani ba. Duk lokacin nan, in Malam zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in yafe masa, kamar mai tafiya Makka."

Na yi dariya, sannan na yi kuka. Ƙarfen na nan ko gezau, na kuma yi manyan da suka fi shi a wasu garuruwa. Amma ina kewar mutumin nan ƙwarai. Ashe tsoro yake ji kamar kowa, ya dai ƙi bari a ce ɗansa bai iya ba.