Katin da Ɗalhatu Ya Yanke

Ban taɓa ganin Ɗalhatu ya shanye kofin shayi a zaune ba. Zai kurɓa, ya miƙe, ya leƙa taga, ya dawo ya tarar ya huce, ya ce mai shayin ne bai iya ba. In kuna waya, kafin ka kai ga sallama ya kashe. Ɗaki ɗaya muke da shi a Al Buteen, saman wani shagon turare, kuma har yau ban san yadda aka yi na jure masa ba. Ina ƙaunarsa, amma babu mai ɓata mini rai kamarsa.

Mutumin Gumel ne, gyaran na'urar sanyaya mota ya kawo shi Dubai. A Ras Al Khor da wuya ka sami garejin da bai taɓa ba. Shekara nan, shekara can, ya ce maigidan ya cika surutu, ya ƙara gaba. Layin waya ma haka yake canja shi kamar riga. Abu ɗaya tak ya tsaya a kai bai gusa ba, shi ne zai biya wa mahaifiyarsa, Inna A'i, kujerar hajji. Kowane wata sai ya ware nata kafin ya sayi ko sabulu.

A 2016 wani ɗan banki mai ɗaure da nakatayi ya shigo garejinsu yana tallar katin bashi, har da kyautar jakar tafiya. Ɗalhatu ya ga mutumin yana jan bayani, sai ya fizge biro ya yi ta sa hannu duk inda aka nuna masa. A cikin takardun har da cek na jingina, wanda banki ke riƙewa saboda ranar da mutum ya ƙi biya. Bai karanta ko layi ɗaya ba, jakar dai ta burge shi.

Ya sayi waya da katin, ya sayi tikitin gida. A Gumel ya zaro shi yana yi wa Inna burga, wai da wannan 'yar robar sai ka sayi abu yau ka biya a hankali, ɗan ƙari kawai suke ɗorawa. Tsohuwar ta juya katin a hannunta.

"Wato kuɗin ruwa ke nan," in ji ta. "Ɗalhatu, ba zan je ɗakin Allah da kuɗin da suka cuɗu da ruwa ba. Gara in mutu ban je ba."

Maganar ta hana shi sukuni. Yana dawowa ya matse cikinsa har ya biya duk abin da ke kan katin. Sannan ya kira ni gareji, ya kira Elkana, mutumin Zonkwa mai wayarin mota, ya ɗauko almakashin yanka kwano.

"Ku shaida," in ji shi. "Tsakanina da su khalas, an gama." Ya datse katin biyu.

Haka muka saba a gida. Ka biya mutum, ka faɗa a gaban shaidu, magana ta ƙare. Ni har kabbara na yi masa. Elkana ne ya girgiza kai.

"Oga Ɗalhatu, roba ka yanke, account ɗin yana nan a raye. Je banki su rufe, su ba ka takarda a hannu."

Kar a zalunci Ɗalhatu, ya je bankin. Ya ciri lambar layi, ya ga jama'ar da ke gabansa, ya zauna, ya tashi, ya zagaya, ya sake duba allo, ya fice. Ya dawo yana faɗa, wai wa ke da lokacin zama a biki bayan an tashi. Ya huda rabin katin ya rataya a jikin makullansa, ɗaya rabin ya ba wata 'yar kasuwa ta kai wa Inna. Ta sa masa albarka a waya, ta adana shi a adakarta.

Abin da bai sani ba, katin yana da kuɗin shekara, ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba. Da lokacin ya zo suka ɗora. Bai biya ba, don bai san da shi ba, suka ɗora tarar jinkiri. Wata ya zagayo suka ɗora ruwa a kan kuɗin, suka ɗora ruwa a kan tarar, wata mai zuwa ruwan ma ya haifi nasa. Saƙonninsu kuwa suna ta zuba a layin da ya yar tuntuni, wasiƙunsu suna zuwa garejin da ya bari. Shi kuma yana yawo da rabin kati yana yi wa sababbin zuwa wa'azi a kan kuɗin ruwa.

Lokacin korona aka zabge masa albashi. Na ga mutumin nan yana kwana da burodi da ruwan shayi, kuɗin Inna kuwa ko kallon su bai yi ba. Na ce ya ɗan taɓa ya mayar, ya kusa cinye ni ɗanye.

Ƙarshen 2021 kuɗin suka cika, ana ta rade-radin za a sake buɗe wa alhazan waje hanya. Ya yanki tikiti zai kai su da kansa. Ranar tafiyar da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Abdulhakeem, kana ina? Sun tsayar da ni a filin jirgi. Wai akwai case a kaina. Wai cek. Wane cek? Yalla, yi maza ka zo, don Allah ka zo."

Bankin ne ya gaji da nema ya shigar da cek ɗin jinginar nan, ya dawo babu biya, aka kai ƙara. Ba zai bar ƙasar ba sai ya sasanta da su.

Washegari muka je bankin, ni da shi da Elkana. Ma'aikaciyar ta tambayi lambar kati, ya ciro makullansa ya miƙa mata rabin. Ta kalle shi, ta kalli rabin, ta nemi katin shaidarsa. Da ta juyo mana da allon sai na ga bashin ya kusa kai kuɗin kujerar Inna.

"Me na saya?" Ɗalhatu ya tambaye ta. "Nuna mini abu ɗaya da na saya."

Babu ko ɗaya. Daga sama har ƙasa kuɗin shekara ne da tara da ruwa. Elkana ya yi ta roƙo da Turancinsa har suka rage wani abu, amma ragowar ma ta cinye fiye da rabin ajiyar. Ya biya da hannunsa, da kuɗin da ya tsare daga ruwa shekara da shekaru. Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan zaga, bankin ko shi.

Wannan karon ya jira takardar. Ya zauna a kujerar nan tun safe har la'asar, hannuwa a cinya, bai ko leƙa ƙofa ba. Na daɗe ina fatan in ga ya zauna wuri ɗaya, da na gani kuwa ban ji daɗi ba.

A ɗaki ya kira gida, ina jin muryar tsohuwar.

"Ba ka yanke shi ba? Ga rabinsa nan a adakata."

"Na yanke, Inna. Tsayawa ne ban yi ba a rufe."

Can ta ce, "To. Gwiwoyin nan ma sun fara ƙi na, ban san ko za su kai wata shekarar ba. Ka taho dai in gan ka."

Ya ce to. Ta yi masa addu'a, ta yi sallama, ta ajiye. Shi kuwa wayar na nan a kunnensa, bai kashe ba.