Fim ɗin da Yaya Ɗantala Ya Ɗinka

Yayana Ɗantala tela ne a unguwar Hausari, kuma da ya tsaya kan ɗinkinsa da mun huta. Amma ina! A zamanin Turawa ya je Jos sayen yadi, ya faɗa silima, aka nuna wani fim na mutanen Sin. Wai mata ne da fuska fara fat kamar an shafa alli, hannun riga har ƙasa, magana ma da waƙa suke yin ta. Ya dawo ba shi da zance sai nasu.

Fim ɗin tsoho ne, yana yawan tsinkewa, mai nunawa yana yanke guntaye yana zubarwa. Su ne Yaya ya bi yana tsinta. Duk direban da zai tafi Jos sai ya ɗora masa saƙon a roƙo masa ƙari, har ya cika gwangwanin biskit. Mutum na tsaye yana jiran rigarsa ta salla, shi yana ɗaga guntun fim ga rana, yana kallon wata mata da ke jiki yana murmushi.

Na ce, "Yaya, ko yarensu kake ji?"

Ya ce, "Ke dai Laraba, ba ki ga yadda take ɗaga hannu ba."

Burinsa ɗaya ne, ya sake ganin matar nan tana motsi. Sai ya yi abin da tela zai yi: ya jera guntayen ya ɗinke su da allura da zare, har da ƙulli.

Da motar majigi ta zo nuna noman gyaɗa, ya liƙe wa Abatcha mai kunna injin. Abatcha ya duba ɗinkin ya ce, "Malam, fim da gam ake haɗa shi, inji ba ya haɗiye zare." Yaya ya ce ɗinkinsa bai taɓa warwarewa ba. Da ƙyar Abatcha ya yarda.

Bayan magariba aka saka. Ina cikin mata, na shirya shan kunya. Sai ga ta a jikin farin ƙyallen majigin. Ta juyo, ta ɗaga hannun rigar nan a hankali ta rufe rabin fuskarta, fili ya yi tsit. Nan ƙullin farko ya maƙale. Hoton ya tsaya, wuta ta kama, Abatcha ya fizge fim ɗin ya jefar cikin yashi, sai toka.

Washegari Yaya ya koma kan kekensa, bai sake ɗaga komai ga rana ba. Abin da muke so ke nan, ai. Ni kuwa har yau haushinsa nake ji. Ya tara, ya ɗinka, ya ƙona, ya bar ni ban ga ta sauke hannun nan ba.