Hancin Yaya Idirisu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Idirisu, amma sai bana na iya ambaton sana'arsa ban sunkuyar da kai ba.

Tun zuwanmu daga Sudan yake aiki a wani shagon taba a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin nan da muka sauka. Ba sigari suke sayarwa ba, sigar ce, mai kaurin nan da ake naɗewa da ganye, ta masu hannu da shuni. Shi ko sau ɗaya bai taɓa sa ta a baki ba. Da hanci da yatsa yake aiki. Yana da wata ɗabi'a: sai ya zare zoben takardar da ke ɗauke da sunan ƙasa daga jikin sigar, ya miƙa wa mai saye ya shinshina, ya zaɓa da kansa. A lokacin kuwa, in ba ta Kuba ba ce, ba a ko kallonta.

Wannan ɗabi'ar ce ta ja masa. Wani babban mutum ya zaɓi guda, ya yaba, daga baya ya ji ashe ta Nikaraguwa ce da aka naɗe da ganyen Kamaru. Ya tada jijiyar wuya wai an cuce shi. A ranar aka sallami Yaya. Kafin ya iso unguwarmu, Ainu Shams, labari ya riga shi: an kama Idirisu da algus. Gaskiyar da ke ci mini rai ita ce, ni ma na yi zarginsa. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa kare kansa ba, har ya koma ga Allah yana gadin wani gida.

Watan jiya na sauke fasinja a ƙofar shagon, da yake tasi nake ja. Na leƙa. Ta Kuba tana nan, amma ta Nikaraguwa da ta Kamaru ne a gaba, su ake rububi. Ɗan mai shagon, wanda ya gaji uban, ya gane ni.

"Kai ne ƙanin Ammu Idris? Wallahi babana ya san bai yi algus ba. Mutumin ne ya fi ƙarfinmu. Ma'alish, ka yi haƙuri."

Na koma mota na zauna, na sauke ajiyar zuciyar da na daɗe ban yi irinta ba. Da Yaya yana raye ya ga wannan rububi, na san ba zai yi fahariya ba. Dariya zai yi, ya ce har yanzu takarda suke saye, sunan ne kawai ya canja.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Suna ya bari, kuma ashe sunan lafiya lau yake. Na garzaya wurin matarsa, Yaya Asabe, na kwashe labarin na faɗa mata. Ko tsintar shinkafarta ba ta daina ba.

"Khalas, shi ke nan, ka huta," ta ce. "Dama kai kaɗai ne a gidan nan kake jiran shaida."