Fuskar Jariri a Talabijin ɗin Baba

Yayata ta haihu a Makarfi lokacin da Inna take takabar Baba, don haka ba ta je suna ba. Ni na je, na ɗauko bidiyo a waya, na juye a laftof ɗin da na yi karatu da ita. Inna ba ta ce in nuna mata ba. Yayata ce 'yar farinta, ko sunanta ba ta faɗa, balle ta tambayi ɗanta. Sai dai tun da na dawo take yawan leƙo ɗakina wai tana neman tsintsiya.

Idonta ba ya ganin ƙaramin abu, shi ya sa na ga sai dai a talabijin. Ta Baba kuwa tsohuwa ce, mai ramuka uku a baya, ja da fari da ruwan ɗorawa, laftof kuma ba ta da irinsu. Wani mai gyaran waya a kasuwar Ikara ya sayar mini da ɗan akwatin da ke haɗa su. Na tambaye shi ko zai iya ƙona talabijin, ya ce a'a. Da na sake tambaya, ya ce in ina tsoro in ajiye masa kayansa.

Da hantsi aka kawo wuta. Na durƙusa bayan talabijin ina gumi. Tun rasuwar Baba ba a kunna ta ba, kuma ban tabbata ya dace a kunna cikin takaba ba. Ban tambayi kowa ba, wataƙila don ina tsoron amsar. Da farko shuɗi kawai ta nuna. Na sassauya wayoyin, na kashe, na kunna, sai ga hoto, mutane duk sun yi tsawo sun rame. Inna ta zauna a tabarma da carbinta, tana kallon ƙofa kamar ba ruwanta.

Maza aka yi ta nunawa, da rago, da rabon goro. A ɗakin mai jego kunyar mata ta sa ban ɗaga wayar sosai ba, sai ƙafafu da bakin gado. Ina kallon ƙwan lantarki, ina kallon Inna, na rasa ko in tura gaba ko in bari. Can fuskar yaron ta gifta. Na danna tsayarwa, na makara. Na mayar baya, na sake makara. Ban san a karo na nawa na kama ta ba, a karkace, rabi cikin shawul.

Inna ta tashi ta matsa har gaban gilashin. Ta daɗe a tsaye. An sa wa yaron sunan Baba, sunan da ba ta taɓa furtawa ba.

"Goshin mai sunan ne," ta ce. Na kai hannu zan gyara hoton, ta ce, "Kar ka taɓa komai."

Na janye hannuna na ɗora a gwiwa.