Malam Mu

Shekara ashirin wani mai shagon wanki ya yi yana raba faɗa tsakanin ma'aikatansa. Dogo mai guga ya ce Tsoho mai wanki bai ɗauraye kaya ba, Tsoho ya ce Gwaggo mai shanya ce ta kayar da su a ƙasa, Gwaggo kuwa ta haɗa su ta wanke tas. Bawan Allah ba abin da yake so irin ya ga kansu ya haɗu. Sai ya kafa doka: a shagonsa ba "ni", ba "shi", sai "mu". Ya yi ta nanatawa har maƙwabta suka sa masa suna Malam Mu.

Ran nan dutsen guga ya cinye wuyan rigar wani attajiri, wanda rabin aikin shagon daga gidansa yake fitowa. Ya zo yana huci, ya ce ko a kori mai laifin a gabansa, ko ya kwashe kayansa.

Malam Mu ya jera su. "Wa ya ƙona?"

"Mu ne, maigida," in ji Gwaggo, wadda jiya-jiya ta rantse sai ta ga bayan Dogo.

"Haba Gwaggo! Ke da ko ɗaga dutsen ba kya iyawa?"

"Ai tare muka ɗaga, ɗan nan. Har da kai."

Attajiri ya kwashe kayansa kaf. Malam Mu na zaune ya rafka tagumi, sai Gwaggo ta leƙo.

"Maigida, tunda aiki ya ragu, mun yi shawara yau da wuri za mu tashi."